Tagar da ke Bangon Mutari

Ka ga tagar nan, zagayayya kamar faifai,
da na dasa a bangon laka a nan Birni?
Maƙera sun zo sun ƙwanƙwasa tagullarta,
sun taya jika talatin. Na ce albarka.

Ta jirgi ce. Ba na sama ba, yaro, zauna.
Jirgin yaƙi na teku, launin toka,
lamba arba'in da bakwai a ƙirjinsa.
A ƙasar sanyi aka ƙera shi.
Ya yi wa masu shi bauta shekara ashirin,
suka shafe sunansa da fenti,
suka sayar da shi kamar rigar gwanjo
ga wata ƙasa ta bakin ruwa.
Can cin rani ya kai ni, ya manta da ni.

Ni ba soja ba ne. Ni ne mai tukunya,
baki ɗari da tamanin a wuyana,
albasa na gangara daga wannan kusurwa zuwa waccan
in teku ta tashi da fushi.

Makamai takwas gare shi, masu linzami,
kwance cikin akwatuna, ba a ganin fuskarsu.
Na ce wa mai tsaronsu: ga linzami, ina dokin?
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Sau ɗaya tak na ji an saki guda,
ranar da manya suka zo kallo da tabarau.
Wani mataccen kwale-kwale aka nufa.
An same shi, an tafa.
Ƙarar ta kifar mini da shinkafa,
kunnena na hagu tun ranar bai dawo gida ba.

Sauran shekarun sintiri ne kawai.
Korar ɓarayin kifi,
rakiyar jiragen mai,
kankare tsatsa, shafa fenti, kankare tsatsa.

Amma akwai wani dare.
Mutum talatin da ɗaya muka tsamo
daga wani kwami da ya yi kwana tara yana yawo.
Na zo da moɗa, sai na ji wani ya ce: sannu, baba.
Ɗan Mirriya ne, leɓensa ya tsage kamar tabki a rani.
Ya sha, ya sha, ya dube ni:
wannan daga wace rijiya?
Na kai shi ƙasa, ƙarƙashin ƙasa,
na nuna masa injin da ke cire gishiri daga teku
ya bar maka ruwa mai daɗi kamar na randa.
Yaron ya dafa shi kamar mai dafa kafaɗar waliyyi.
Ba a rubuta wannan a littafin kyaftin ba,
lamba kawai aka sa.

Daga baya inji ya fara tari.
Aka ɗaure jirgin a gaɓa shekara shida,
tsuntsaye suka yi sheƙa a kan na'urar hange,
makamai bakwai suka tsufa ba su ga maƙiyi ba.
Sai masu wutar yanka ƙarfe suka zo,
suka feɗe shi tun daga wutsiya.
Ina bin albashin wata uku. Aka ba ni taga.
A cinyata ta zauna cikin mota har Matamaye.

Yanzu leƙa.
Ga duwatsun Damagaram, igiyar ruwa da aka ce tsaya ta tsaya.
Ga jarkoki rawaya a layi tun asuba,
famfo yana busa iska kamar mai sarewa,
Barira jikata ta sa dutse ya riƙe mata wuri.
Da an ce in zaɓa a cikin jirgin nan duka,
ba zan taɓa ko ɗaya cikin takwas ɗin ba.
Injin ƙasa zan ɗauko,
ko da yake ina tekun da zan ba shi?

Ran da hadari ya haɗo ta gabas
ɗigon farko ya bugi gilashin,
hannuna kan tashi da kansa
ya ƙara ɗaure kusoshinta huɗu.
Barira ta ce: Kaka, bar shi ya shigo.